Rikicin sunaye a Wales: Yadda furta sunan dutse ya zama siyasa a Birtaniya

Ranar 17 ga Afrilun 2023, hukumar da ke kula da ɗaya daga cikin manyan gandun dajin ƙasa uku na yankin Wales ta sanar da cewa ta daina amfani da sunan Brecon Beacons, wanda aka san wurin da shi a Turance tun da aka ware shi a 1957. Daga ranar, in ji hukumar, sunansa Bannau Brycheiniog, kamar yadda masu magana da harshen Welsh suka saba kiransa. Kafin rana ta faɗi, kafofin labaran Landan sun cika da tambaya ɗaya: yaya ake furta wannan suna? Bayan 'yan kwanaki, Firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ya shaida wa manema labarai cewa shi kam zai ci gaba da kiran wurin da sunansa na Turanci.

Cewa har firaminista ya ga dacewar sa baki a kan sunan tsaunuka ya nuna maganar ta wuce batun lanƙwasa harshe. A Wales, yanki mai mutum miliyan 3.1 a yammacin Ingila, tambayar ko mai jin Turanci zai daure ya koyi furta sunan gari ko na maƙwabcinsa tana haɗe da tarihin mulki na kusan shekara 500, da tsadar gidaje, da makomar harshen da masu magana da shi ke raguwa.

Sauye-sauye a jere

Bannau Brycheiniog ba shi ne na farko ba. A Nuwamban 2022, hukumar gandun dajin da ke arewacin yankin ta kaɗa ƙuri'ar amfani da Eryri a maimakon Snowdonia, da Yr Wyddfa a maimakon Snowdon, wato dutsen da ya fi kowanne tsayi a Wales, mai mita 1,085. Matakin ya biyo bayan takardar koke da mutum fiye da 5,000 suka sa wa hannu. Shekara guda bayan haka, hukumar ta amince da daidaitattun sunayen Welsh na tafkunan da ke cikin gandun. Tun a 2020 majalisar dokokin yankin ta ɗauki sunan Senedd, kuma hukumar ƙwallon ƙafa ta yankin ta fi son a kira tawagarta Cymru, abin da ya fito fili a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, karo na farko da Wales ta halarta tun 1958.

Mataki mafi nauyi a siyasance ya zo ne a Maris na 2025, lokacin da hukumar shata iyakokin mazaɓu ta fitar da sababbin mazaɓu 16 da aka tsara domin zaɓen Senedd na ranar 7 ga Mayun 2026, wanda ya zo da ƙarin kujeru daga 60 zuwa 96. Dukkansu 16 sunan Welsh kaɗai aka ba su: Gŵyr Abertawe, Sir Gaerfyrddin, Casnewydd Islwyn, Fflint Wrecsam, Caerdydd Penarth da sauransu. Ma'anarsa ita ce duk ɗan takara, da mai karanta labarai, da jami'in da ke bayyana sakamako, dole bakinsa ya kama waɗannan sunaye, ko yana jin harshen ko ba ya ji. Wasu 'yan jam'iyyar Conservative sun soki matakin, suna masu cewa Wales ƙasa ce mai harshe biyu, don haka bai kamata a goge ɗaya daga takardar zaɓe ba.

Shin da gaske harshen yana da wuyar furtawa?

Babbar hujjar masu adawa ita ce wahala. Sai dai masana harshe sun daɗe da nuna cewa rubutun Welsh ya fi na Turanci bin ƙa'ida nesa ba kusa ba, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta. Matsalar Bature ita ce yana karanta haruffan da ya sani da dokokin harshensa, alhali Welsh daga dangin harsunan Seltik yake, tare da harshen Bireton na Faransa da na Kornish, kuma ya tsara nasa rubutun tun ƙarnoni da dama.

Abjadin Welsh na zamani yana da haruffa 29, kuma takwas daga ciki tagwaye ne da ake ƙirga kowannensu a matsayin harafi ɗaya: ch, dd, ff, ng, ll, ph, rh da th, kamar yadda sh da ts suke a Hausa. Wasula bakwai ne, domin w da y ma wasula ne. Wannan kaɗai ya warware zolayar da ake yi cewa kalmomin Welsh ba su da wasali. Kalmar cwm, wadda ke nufin kwari, "kum" ake furta ta. Harafin c kullum "k" ne, ba kamar na Hausa ba. Harafin f guda ɗaya sautin "v" yake bayarwa, sai an ninka shi ya zama ff sannan ya zama "f". Harafin u kuwa ya fi kusa da "i". Saboda haka Cymru, sunan da mutanen ke kiran ƙasarsu, ya fi kusa da "Kamri". Nauyin murya kuma galibi a kan gaɓar da ke kafin ta ƙarshe yake sauka.

Wasu daga cikin sautukan ba baƙi ba ne ga duk wanda ya yi karatun Alƙur'ani. Harafin ch daidai yake da "kha" na Larabci, dd shi ne "zal" mai fitar da kan harshe tsakanin haƙora, th kuma shi ne "sa" mai ɗigo uku. Idan aka haɗa waɗannan ƙa'idoji, Senedd ya zama "Senedh", Caerdydd, wato Cardiff, ya zama "Kairdidh", Bannau Brycheiniog kuma ya zama wani abu kusa da "Bannai Brakheiniyog". Mai jin Turanci ma yana da sautin dd da na th a harshensa. Rubutun ne kawai ya saɓa masa.

Sautin da ya fi tsorata baƙi shi ne ll. Ana ɗora kan harshe inda ake furta "l", sai a hura iska ta gefen harshe ba tare da murya ba. Babu shi a Turanci, babu shi a Hausa, amma ba wani abin al'ajabi ba ne a duniya: yana cikin harsunan Zulu da Kosa na Afirka ta Kudu, kuma yana cikin wasu 'yan'uwan Hausa na dangin Cadi, irin su Bura da Margi da Ngizim. Ɗan Biu ko ɗan Potiskum da ya tashi da harshen gida zai iya furta Llanelli fiye da yawancin mazauna Landan. A 2015, wani mai gabatar da hasashen yanayi a tashar Channel 4, Liam Dutton, ya yi suna a intanet saboda ya karanta sunan wani ƙauye mai haruffa 58 da ya fara da Llanfairpwllgwyngyll ba tare da tuntuɓe ba. Abin lura shi ne a ƙarni na 19 aka ƙirƙiri doguwar sigar wannan suna domin jan hankalin matafiya, kuma mazauna wurin gajeren suna suke amfani da shi.

Akwai wahala ɗaya ta haƙiƙa: baƙin farko na kalma yana sauyawa gwargwadon abin da ya gabace shi. Cymru yana komawa Gymru a kan allon maraba da ke iyaka, yana kuma komawa Nghymru idan ana nufin "a cikin Wales". Wannan ya shafi mai koyon nahawu ne. Wanda kawai yake son kiran sunan gari daidai, ƙa'idojin da yake buƙata ba su fi shafi ɗaya ba.

Tarihin da ke bayan gardamar

Idan wahalar ba ta taka kara ta karya ba, me ya sa aka shafe ƙarnoni ana karkatar da sunayen? Amsar tana cikin dokokin 1535 da 1542 na zamanin Sarki Henry na Takwas, waɗanda suka haɗe Wales da tsarin shari'ar Ingila, suka mayar da Turanci harshen kotu, suka kuma hana wanda ba ya amfani da shi riƙe muƙami. Magatakardan da ke rubuta sunayen mutane sun rubuta abin da kunnensu ya ji. A al'adar Welsh, mutum yana ɗaukar sunan mahaifinsa da kalmar ap ko ab, wadda ke daidai da "ɗan" a sunan Usmanu ɗan Fodiyo. A hankali ap Rhys ya zama Price, ap Hywel ya zama Powell, ab Owen ya zama Bowen, Llwyd kuma ya zama Lloyd da Floyd. Miliyoyin mutane a Birtaniya da Amurka suna ɗauke da waɗannan sunaye ba tare da sanin asalinsu ba. Sunan jagoran jam'iyyar Plaid Cymru tun 2023, Rhun ap Iorwerth, yana kan tsohon tsarin ne. Shi kansa sunan Wales daga wata tsohuwar kalmar Jamusawan farko ya fito mai nufin baƙi, alhali Cymry, sunan da mutanen ke kiran kansu, yana nufin 'yan ƙasa ɗaya.

Abin da ya riƙe harshen shi ne addini. Fassarar Littafi Mai Tsarki da William Morgan ya kammala a 1588 ta ba shi daidaitaccen rubutu. Amma a 1847 wani rahoton gwamnati kan ilimi, wanda masu bincike uku daga Ingila suka rubuta, ya siffanta harshen a matsayin abin da ke hana mutanen ci gaba. A wasu makarantun ƙarni na 19 ana rataya wa yaron da aka ji yana magana da Welsh wani guntun katako, wanda ya rage da shi a wuya a ƙarshen yini kuma ya sha bulala. Ƙidayar 1901 ta nuna kusan rabin mutanen Wales suna jin harshen. Zuwa 1981 adadin ya faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100.

Juyin ya fara ne a shekarun 1960. A Fabrairun 1962 marubuci Saunders Lewis ya yi wata lacca a rediyo inda ya yi gargaɗin cewa harshen zai mutu idan ba a ɗauki matakin gaggawa ba, kuma a shekarar aka kafa ƙungiyar Cymdeithas yr Iaith Gymraeg. A 1965 aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn, wanda mazaunansa masu magana da Welsh ne, domin gina madatsar ruwa ga birnin Liverpool, duk da cewa kusan dukkan 'yan majalisar Wales sun yi adawa. Matasa suka fara shafa fenti a kan allunan hanya masu Turanci zalla, wasu suka tumɓuke su, da yawa suka shiga kurkuku. A 1972 wani kwamitin gwamnati ya ba da shawarar allunan hanya masu harshe biyu. Tashar talabijin ta S4C ta fara aiki a 1982, bayan ɗan siyasa Gwynfor Evans ya yi barazanar yajin cin abinci. Dokokin 1967 da 1993 sun faɗaɗa matsayin harshen, sannan ta 2011 ta ba shi matsayin harshen hukuma a Wales.

Masu mulki sun daɗe da gane cewa furuci yana da farashi a siyasa. Kafin a naɗa Charles Yariman Wales a Caernarfon a 1969, an tura shi jami'ar Aberystwyth ya yi zango guda yana koyon harshen. A 1993 kuwa, kyamara ta kama ministan kula da Wales, John Redwood, yana motsa baki kawai lokacin da ake rera taken yankin, kuma har yau ana tuna hoton a matsayin alamar mai mulkin da bai san waɗanda yake mulka ba.

Abin da ke salwanta idan suna ya tafi

Masu fafutuka suna cewa kuskuren furuci shi ne matakin farko na ɓacewar suna. Baƙo ya kasa furtawa, sai ya laƙaba nasa. Littattafan masu hawan dutse da taswirorin waya su ɗauka. Bayan zamani ɗaya asalin ya zama tarihi. Tafkin Llyn Bochlwyd da ke Eryri ya koma "Lake Australia" a bakin masu yawon buɗe ido saboda siffarsa ta yi kama da taswirar ƙasar. Gaɓar tekun Porth Trecastell a tsibirin Môn ta koma "Cable Bay". Haka gonaki da gidajen da baƙi suka saya suke rasa sunayen da suka ɗauka shekaru aru-aru.

Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma a Wales sunan wuri kusan bayani ne a kan ƙasar. Aber na nufin bakin kogi, don haka Abertawe, wato Swansea, shi ne inda kogin Tawe ya faɗa teku. Llan na nufin harabar coci, caer ganuwa, llyn tafki, rhyd mashigin ruwa, cors kuma fadama. Bannau Brycheiniog yana nufin ƙololuwar tsaunukan ƙasar Brychan, wani sarki na ƙarni na 5. Wanda ya san kalmomi ashirin irin waɗannan zai karanta taswirar yankin ya san inda ruwa yake da inda aka taɓa kafa gari. Dokar 2016 ta tilasta adana jerin sunayen wurare na tarihi, amma jerin ba ya hana mai gida sauya sunan gidansa, kuma a 2017 majalisar yankin ta ƙi amincewa da ƙudurin da ya nemi ba sunayen kariya ta doka.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, inda Sakkwato ta zama Sokoto a takardun Turawa, Tawa ta zama Tahoua a na Faransawa, Haɗejiya da Maraɗi kuma suka rasa ƙugiyarsu a taswira. Bambancin shi ne Hausa tana da masu magana miliyoyi da ke riƙe da furucin asali a baki, alhali a Wales bakin ne kansa ke raguwa.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu adawa suna da nasu abin faɗa, kuma ba dukkansu Ingilishi ne da ke raina Wales ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen yankin ba sa jin Welsh. A kwarurukan kudu, inda aka haƙi kwal da ƙarfe, akwai iyalan da suka yi zamani uku ko huɗu suna magana da Turanci, kuma suna jin zafi idan aka nuna kamar asalinsu bai cika ba. Wasu sunayen Turancin ma tsofaffi ne: an rubuta sigar farko ta Snowdon tun ƙarshen ƙarni na 11, Swansea kuma ta samo sunanta ne daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zo ta teku. Masu otel da gidajen baƙi da suka shafe shekaru suna tallata Brecon Beacons sun koka cewa an taɓa musu sunan kasuwa ba tare da cikakkiyar shawara ba.

Akwai kuma sukar da ke fitowa daga masu kishin harshen kansu. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum 538,300 ne 'yan shekara uku zuwa sama ke iya magana da Welsh, wato kashi 17.8 cikin 100, ƙasa da 562,000 da aka samu a 2011. Wannan shi ne kaso mafi ƙanƙanta da ƙidaya ta taɓa nunawa, kuma ya zo ne bayan gwamnatin yankin ta ƙaddamar da shirin Cymraeg 2050 a 2017, mai burin samun masu magana miliyan ɗaya. A lardin Carmarthenshire, ɗaya daga cikin cibiyoyin harshen, adadin ya sauka daga kusan kashi 44 zuwa kusan kashi 40. Dalilan na tattalin arziki ne: matasa suna barin ƙauyuka saboda rashin aiki, kuma masu kuɗi daga birane suna sayen gidajen hutu a gaɓar teku har farashi ya fi ƙarfin 'yan gari. Tun Afrilun 2023 ƙananan hukumomi suna da ikon ƙara harajin irin waɗannan gidaje da kashi 300 cikin 100. Sauya allo abu ne mai arha idan aka kwatanta da gina gidaje ko horar da malamai, kuma akwai haɗarin hukuma ta fake da allon.

Darasin sauye-sauyen baya

Duk da haka, tarihin baya-bayan nan yana goyon bayan masu cewa baki yana sabawa. Tsakanin shekarun 1950 da 1970 aka mayar da Dolgelley ya zama Dolgellau, Llanelly ya zama Llanelli, Conway ya zama Conwy, Caernarvon ya zama Caernarfon. Mazaɓar Anglesey ta koma Ynys Môn a 1983, lardin Cardiganshire kuma ya koma Ceredigion a 1996. Kowanne ya gamu da ƙorafi a lokacinsa, kuma yau da wuya a ji mai neman a koma baya. Haka kafofin labaran Turanci suka koyi cewa Mumbai da Kyiv, suka kuma karɓi Eswatini a 2018. Sai dai misalin Amurka ya nuna cewa abin da hukuma ta ɗaura, hukuma na iya kwancewa: dutsen da gwamnatin tarayya ta amince da sunansa na asali, Denali, a 2015, an mayar masa da sunan McKinley a 2025.

Babu dokar da ta hana kowa cewa Snowdon, kuma babu tarar da ke kan wanda ya karkata ll. Abin da sauye-sauyen suka yi shi ne juya wa wanda nauyin ƙoƙari yake kansa. Shekaru aru-aru mai magana da Welsh ne ke gyara sunansa domin ya shiga bakin magatakarda. Yanzu ana neman mai jin Turanci ya ba da rabin sa'a ya koyi haruffa takwas da wasula bakwai. Gwamnatin yankin ta yi ƙoƙarin sauƙaƙa hakan: ana koyar da harshen a makarantu har zuwa shekara 16, tun 2022 darussan cibiyar koyon Welsh ta ƙasa kyauta ne ga 'yan shekara 16 zuwa 25, kuma a 2025 Senedd ta zartar da sabuwar doka kan harshen da ilimi.

Ma'aunin gaskiya shi ne ƙidayar 2031. Idan adadin masu magana ya sake faɗuwa, za a samu yanki mai allunan Welsh a kowace mararraba da ƙauyukan da yara ba sa wasa da harshen, kuma masu cewa an yi ado an bar jiki za su yi gaskiya. Idan kuma ya tsaya ko ya ɗaga, to wani ɓangare na yabon zai tafi ga wannan ƙaramin sauyi, wanda ya sa ɗan jarida a Landan da baƙon da ya sayi gida a Gwynedd suka fara tambayar maƙwabtansu yadda ake faɗin sunan wurin da suke.